Littafin da Yaya Ta Warke a Cikinsa

Yayata tela ce a Kwanar Dangora, kuma a wurinta na fara ganin mutum yana rubuta godiya a kan abin da bai riga ya samu ba. A ɗakin da ke kusa da zauren gidan mijinta take ɗinki, inda ƙarar manyan motocin da ke bin hanyar Zariya take girgiza tagar har allurai su riƙa motsi a cikin gwangwani. Ni kuma ina koyarwa a firamare a Kiru, can aka kai ni aure, sai ƙarshen mako nake hawa acaɓa in je mu sha hira. Tsakanina da ita ba tazara sosai, amma tun muna yara ita ce mai yanke magana, ni ce mai tsaki.

A waya ta tsinci abin. Wata mata ce mai kwalliya take magana a bidiyo, tana haɗa Hausa da Turanci, tana cewa duk abin da mutum ya cika zuciyarsa da shi, shi yake jawowa kansa. Wai ka samu littafi sabo, ka rubuta burinka da hannunka kullum da safe kamar ya riga ya tabbata, ka yi godiya a kai. Kada ka rubuta abin da kake tsoro, kada ka faɗe shi, kada ma ka zauna kusa da mai faɗarsa, domin kiransa kake yi. Yaya ta saya wa abin littafi mai bangon kwali irin wanda nake rubuta darasi a ciki, da biro shuɗi da ba ta yarda yaranta su taɓa. Da na ce mata wannan ai tatsuniyar masu ƙoshi ce, sai ta ce kyautata zato ne kawai, ni ce dai Allah ya halitta da baƙin rai.

Abin haushin shi ne ya yi mata aiki da farko, ko in ce ta ga kamar ya yi. Ta rubuta cewa ta gode ta samu keken ɗinki na lantarki, kafin shekara ta zagayo sai ga keke. Ban fasa gaya mata cewa ɗinkin sallar da ta yi har idanunta suka yi ja shi ya kawo keken ba, amma wa zai ji? Ta shafa kan keken ta kalle ni, baki har kunne, ta ce in ci gaba da tsaki, ita kuma za ta ci gaba da rubutu, a ga wanda zai riga gina bene. Mun yi dariya ranar, kuma ina jin ita ce dariya ta ƙarshe da littafin ya ba mu.

Sai an san Inna, mahaifiyarmu, za a gane abin da ya biyo baya. Tana zaune a ƙauyenmu da ke gefen dam ɗin Tiga, ta ɓangaren Bebeji, sana'arta bandar kifi. Duk kayanta ƙamshin hayaƙi suke, har zanen da take zuwa biki da shi. Tana yarinya aka tashe su daga tsohon garinsu saboda ruwan dam. Mahaifinta ya hana a yi zancen tashin a gidansa, ya ce ruwa ba zai iso ba, wanda ya ambata shi yake kira. Haka suka zauna har motocin kwasar kaya suka tsaya a ƙofa. Maƙwabtan da suka tashi tare aka yi da su ta wajen Tudun Wada, su kuma aka yo ƙauyenmu da su, ba wanda ya yi sallama da wani, kuma da yawansu ba ta sake sa su a ido ba. Tun daga nan Inna ba ta barin wuri ba ta nemi yafiya ba. Ko Kano za ta je ta dawo a yini, sai ta bi gida gida tana cewa a yafe mata. Mun sha tsokanarta cewa wata rana za ta nemi yafiyar kifin da take bandawa, ita kuwa ko a jikinta.

Ciwon ya fito wa Yaya a nonon dama. Ba zan ce littafin ne ya hana ta zuwa asibiti ba, ta je, mijinta ya kai ta har Kano, ni na raka su. Likitar ta yi mana magana a hankali, ba ta ɓoye komai ba: ciwon daji ne, ya riga ya bazu, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. A mota muna dawowa, Yaya ta jingina kanta da gilashi tana kallon gonakin dawa, ni ina kallon ƙeyarta.

Mun tarar da Inna a tsakar gida, ta zo da kifi a kwando tun hantsi tana jira. Fuskata kawai ta kalla ta gane. Ta bi Yaya ɗaki, ta zauna a bakin gado, ta kama hannunta, hawaye na zuba ba sauti. Sannan ta yi abin da ta saba yi duk rayuwarta.

“'Yar nan, idan akwai abin da na taɓa yi miki tun kina goye…”

Yaya ta fizge hannunta ta toshe kunnuwa. Ta ce ba ta mutu ba, kada a binne ta da rai. Ta ce in fitar da Inna, kuma kada ta dawo sai ta warke, a lokacin ta zo su ci kifi su yi dariya. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Inna ta tashi ta gyara mayafinta, ta fita ba ta ƙarasa maganar ba, kuma a karon farko na ga ta bar gida ba ta ce wa kowa a yafe mata ba.

Daga ranar aka kafa doka a gidan. Ba a ce wa Yaya sannu, ba a tambayar ta ya jiki. In ka shiga sai ka ce ya aiki, ita kuma ta ce aiki da godiya, alhali keken yana lulluɓe da zani a lungu. Matan unguwa da suka zo dubiya da kwanukan fura da kunu, a zaure nake tare su in karɓa in ce tana barci. Suka fara ƙananan maganganu, wasu su ce girman kai ne, wasu su ce an yi mata asiri, kuma ban ga laifinsu ba, domin a wurinmu hana mutane dubiya kamar ka ce ba ka da kowa ne. Mijinta direba ne, yana ɗauko dankali da masara daga wajen Doguwa. Mutumin kirki ne amma ba ya iya kallon ciwo, don haka dokar ta yi masa daɗi. Ya shigo ya ce ya aiki, ya ajiye magani da lemo, ya fice yana share ido da hula.

Na ɗauki hutu na tare a gidan. Kullum bayan ta idar da sallar asuba, a zaune, sai ta jawo littafin daga ƙarƙashin filo. Ba ɓoye shi take ba, har karanta min take yi. Ta gode jikinta ya yi ƙarfi. Ta gode ta yi ƙiba har rigunanta sun matse ta. Ta gode ta ɗinka wa babbar 'yarta kayan aure da hannunta. A cikin littafin nan Yaya tana cin tuwo malmala biyu, a kan gado kuwa kunu cokali kaɗan ne yake wucewa. Ina jin ta ina cizon leɓe, don na lura duk ranar da ta yi rubutun takan samu ta ɗan yi barci, kuma ba ni da abin da zan ba ta a madadinsa.

Inna ba ta daina zuwa ba, shiga ce dai ba ta yi. Duk ranar kasuwa takan hau mota daga ƙauye, ta sauka a kwanar, ta zauna a inuwar wata rumfar masu rake daga inda ake hango bakin lungun gidan. Sai ta sa a kira ni a waya in fito. Ta miƙo min kifi a ƙunshe, ta tambaye ni ko ta ci wani abu, ko tana iya juyawa da kanta, ko ta ambace ta. Wata rana ta zo da gora cike da rubutu da ta karɓo wurin malamin ƙauyenmu, ayoyi ne aka rubuta a allo aka wanke, baƙi wuluk da ƙamshin tawada. Na gaya mata gaskiya cewa da wuya Yaya ta sha, domin za ta ce na marasa lafiya ne, kuma ita ma tana da nata rubutun da take yi. Inna ba ta yi boko ba, sai ta gyara zama ta tambaye ni ko wannan rubutun nata wankewa take ta sha. Na ce a'a, a littafi yake, ajiyewa take yi.

“To rubutun da ba a sha, ta ina zai shiga jikin mutum?”

Na karɓi gorar, na riƙa zuba kaɗan kaɗan a kunun Yaya, ita kuwa ta ce gerona ya fara ɗaci.

Ranar da na fashe, ruwa aka yini ana yi. Na fita na tarar da Inna a rumfar nan ta jiƙe har gwiwa, mai raken ya tausaya ya ba ta buhu ta rufe kai. Tsohuwa ce fa, ƙafarta ma ciwo take. Na dawo gida zuciyata na tafasa, na tsaya a kan Yaya na zazzage mata duk abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce uwar da ta haife ta tana zaune a bakin titi kamar mai bara saboda maganar wata mata a waya da ba ta san da zamanta a duniya ba. Na ce wannan ba kyautata zato ba ne, rashin tausayi ne, kuma littafin nan da zan samu dama a murhu zan cusa shi. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa mai lafiya ma.

Ba ta rama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta bari na gama, tana kallon rufin ɗaki.

“Ke kina iya ɓoyewa,” ta ce. “Inna ba ta iya ba. In ta shigo zan gani a idonta, kuma in na gani shi ke nan, ba abin da zai riƙe ni.”

A nan na gane ba wai ta yarda za ta warke ba ne. Tsoro ne ya cika ta har wuya, littafin nan kuma shi kaɗai ne wurin da take shiga ta huta da shi. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ita kuma ta ce in fita waje in yi, kada in jawo mata.

Da tafiya ta yi tafiya hannun daman ya kumbura, ya yi nauyi kamar taɓarya, yatsun ba sa lanƙwasuwa. Ta gwada da hagu, rubutun ya fito kamar na 'yan ajina, ta yi jifa da biron. Washegari ta ce in ɗauka, ta faɗa ina rubutawa. Ni da na ce zan ƙona littafin, ni na koma magatakardarsa. Da hannuna na rubuta cewa ta taka har kasuwa ba ta gaji ba, da hannuna na rubuta cewa likita ta yi mamaki. Ina rubutawa ina jin warin ciwon da turaren wuta ya kasa dannewa.

Wata safiya ina riƙe da biro ta lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce in rubuta: na gode Inna ta zo, ta kawo kifi mun ci tare a tsakar gida, ta ce in yafe mata na ce na yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe min.

Na rubuta. Na ɗaga kai na ce mata yau ranar kasuwa ce, Inna tana nan a kwanar, kafin ruwan shayi ya tafasa na shigo da ita, ta faɗa mata wannan da bakinta. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah. Ta rufe ido ta ce ai an riga an rubuta, zai zo da kansa, in bari sai ta ɗan yi ƙiba kada Inna ta gan ta haka. Na fita na karɓo kifin ranar, na ce wa Inna tana gaishe ta.

Ba a yi kwanaki da yawa ba magana ta ɗauke. Numfashi kawai take, idanu a rufe, ba ta san wanda ke kanta ba. Ban tambayi kowa ba, na aika aka ɗauko Inna. Ta shigo ɗakin da aka kore ta daga ciki, ta zauna a daidai inda ta zauna a wancan karon, ta ɗauki kumburarren hannun ta ɗora a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta kai bakinta kunnen Yaya, ta ƙarasa maganar da aka katse mata, ta ce ta yafe mata nonon da ta sha da duk abin da ta sani da wanda ba ta sani ba, ita ma ta yafe mata. Sannan ta karkata kunnenta ta kai bakin Yaya tana jira. Haka ta yini, ta tashi ta yi salla ta dawo ta sake karkata kunnen. Gab da la'asar rai ya yi halinsa, ba ta samu amsa ba.

Matan da na riƙa mayarwa daga zaure duk sun zo gaisuwa, ba wadda ta yi min gori, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Bayan an share makoki na mayar da Inna ƙauye, na ce zan kwana biyu a wurinta. Littafin yana cikin jakata, domin mijin Yaya ya ce ba ya son ganinsa a gidan.

Da hantsi muna zaune a gindin bandar, hayaƙi na tashi, sai Inna ta tambaye ni ko a cikin duk abin da 'yarta ta rubuta akwai inda ta ambace ta. Na so in ce babu, don ban san yadda za ta ɗauka ba, amma ban iya yi mata ƙarya a kan wannan ba. Na ɗauko na buɗe shafin na karanta mata. Ta sa na maimaita. Sai ta ce yaushe aka yi haka, ita ba ta tuna ta shiga sun ci kifi ba. Na yi mata bayani yadda zan iya, cewa haka ake rubuta shi, abin da mutum yake fata sai ya rubuta kamar an yi.

“Amma bakinta ne ya faɗa?”

“Bakinta ne, Inna. Hannun ne nawa.”

Ta miƙo hannu na ba ta littafin. Ta sa na nuna mata layin da yafiyar take, ta ɗora yatsa a kai kamar mai tsoron ya gudu. Sannan ta yage shafin a hankali, ta tashi ta ɗauko kwanon shanta, ta ɗebo ruwa a randa, ta yi bisimilla ta nutsar da takardar.

Biro ba tawada ba ne. Takardar ta jiƙe ta kwanta a gindin kwanon, rubutun yana nan shuɗi raɗau, ina iya karanta shi ta cikin ruwan. Inna ta jujjuya kwanon, ta jira, ta ce wataƙila sai ya jiƙa sosai. Ta rufe da faifai ta ajiye a ɗaki. Bayan azahar ta buɗe, bai fita ba. Ta sa babban yatsa ta riƙa murzawa yadda ake wanke allo, takardar ta dagargaje ta zama ɗan curi kamar tsakin tuwo, kalmomin suka tafi tare da ita, ruwan kuwa fari tas, ko shuɗin kirki bai yi ba.

Ta daɗe tana kallon cikin kwanon. Sannan ta ɗaga ta shanye har ƙasa, ta goge baki da gefen zani. Na tambaye ta a hankali ko ta ji sanyi a ranta.

Ta ce ruwa ne kawai. Ta kife kwanon a kan randa, ta koma ta juya kifinta kada ya ƙone.